Gudu ba takalmi: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Tun da aka fara ganina ina zagaya filin makarantar unguwarmu bayan sallar asuba, ƙafa a ƙasa, tambayoyin nan dai su ake jero mini. Ga amsoshinsu gaba ɗaya. Wanda ya sake tare ni, nan zan turo shi.

Gudu ba takalmi ya fi lafiya ne?

Wurin da nauyi ke sauka yake canzawa. Gwiwa ta ɗan samu sauƙi, agara da sha-raɓa da ƙasusuwan tafin ƙafa su ɗauki kayan. Iyakar abin ke nan.

Ina da ciwon suga, zan iya?

A'a. Suga na kashe jijiyoyin tafin ƙafa, sai ƙusa ta shige ka ba ka ji ba, rauni kuma ya ƙi warkewa. Ka saka takalmi, ka riƙa duba ƙafarka kowane dare.

Ai muna yara ba takalmi muke buga ƙwallo, me ya same mu?

Wannan ce maganar da ta fi ɓata mini rai, domin ita ke kwantar da mutane. A wancan lokacin nauyinka bai kai rabin na yau ba, kuma kullum ƙafarka a ƙasa take. Yanzu ka shekara ashirin daga takalmi sai babur sai kujerar ofis. Ƙafar da ta yi wancan wasan ta daɗe da yin laushi. Kada ka gwada ta da abin da ta iya tana shekara goma.

Ba an ce akwai wanda ya ci gasar duniya ba takalmi ba?

An yi. Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun famfalaƙi na Olamfik a birnin Rum a 1960 ƙafa a ƙasa, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Abin da ba ku faɗa shi ne, a Tokyo a 1964 ya sake ci sanye da takalmi, kuma ya rage lokacinsa da minti uku. Horonsa ne ya kai shi.

Yaya ake taka ƙasa?

Kada ka miƙa ƙafa can gaba ka dira da diddige gwiwa a sandare. Ka gajarta taku, ka yawaita shi, wajen 170 zuwa 180 a minti, ƙafa ta sauka kusa da ƙarƙashin jikinka, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Gaban tafin ko tsakiyarsa ne zai fara taɓa ƙasa, sannan diddige ya biyo a hankali. A 2010 Daniel Lieberman na jami'ar Harvard ya auna masu gudu a Kenya da Amurka, ya ga waɗanda suka saba gudu ba takalmi yawancinsu haka suke sauka, kuma bugun farko da ke haurawa ƙafa ya fi sauƙi.

Amma don Allah ku daina gudu a kan yatsu kamar mai sanɗa. Na ga wani matashi ya yi zagaye biyar diddigensa bai taɓa ƙasa ko sau ɗaya ba. Washegari da baya-baya yake saukowa daga bene, yana riƙe da bango, saboda sha-raɓarsa ta ɗaure. Ka bar diddige ya sauka. Kuma ka saurari ƙafarka: in kana jin fat-fat da ƙarfi, takunka ya yi tsawo.

Gwiwata na ciwo in na yi gudu. In na cire takalmi zan warke?

To, nan sai an bi a hankali, domin amsar ba ɗaya ba ce. In ciwon a gaban gwiwa yake, kewayen ƙoƙon, yana tasowa in ka yi nisa ko kana saukowa daga tudu, akwai yiwuwar gajarta taku ya rage shi, kuma cire takalmi na tilasta wa mutum gajarta taku ko bai yi niyya ba. Sai dai za ka iya gajarta takun kana cikin takalminka, ba tare da ka jefa agararka cikin wahala ba. Ni da wannan zan ce ka fara, na mako uku ko huɗu, ka ga abin da zai faru. In kuwa gwiwar tana kumbura, ko tana ƙullewa, ko tana sulluɓewa, maganar ta wuce ta takalmi, sai likita ya duba.

In ka gwada duk wannan kuma har yanzu kana son cirewa, ka sani tsoka tana sabawa da wuri, amma agara da ƙashi suna ɗaukar watanni. Ƙafa ɗaya ƙasusuwa 26 ne, kuma dogayen nan sirara da ke bayan yatsu, musamman na biyu da na uku, su suka fi tsagewa. A wani bincike na jami'ar Brigham Young a Amurka a 2013, an sa masu gudu sun koma takalmi marar katifa cikin mako goma, hoton asibiti ya nuna fiye da rabinsu ƙashin ƙafarsu ya fara nuna alamar gajiya. Mako goma fa, kuma mutane ne da suka saba gudu.

Saboda haka ka fara da tafiya kawai a tsakar gida da fili, mako biyu. Bayan nan, a ƙarshen gudunka na kullum ka cire takalmi ka yi minti biyu ko uku, ka tsallake kwana ɗaya kafin ka maimaita. Ka riƙa ƙara minti ɗaya ko biyu a mako. Ka haɗa da ɗaga diddige: ka tsaya a bakin dakali, ka tashi a kan yatsu, ka sauko sannu a hankali. Wani zai saba cikin wata uku, wani sai ya shekara, musamman mai ƙiba, ko wanda ya haura arba'in, ko wanda ya taɓa ciwon agara. Wani ma ƙafarsa ba za ta taɓa yarda ba, kuma wannan ba gazawa ba ce. Ya ci gaba da takalminsa hankali kwance.

Wane ciwo ne zan tsaya a kansa?

Tsamin sha-raɓa na kwana ɗaya ko biyu ba komai, kada ka tsorata. Ciwon da za ka iya ɗora yatsa ɗaya a kansa a bayan ƙafa, ga ɗan kumburi, yana ƙaruwa in ka taka, ka tsaya nan take ka je asibiti. Tsagewar ƙashi kan ci mako shida zuwa takwas. Haka nan ka tsaya in agara ko diddige na soka da takun farko na safe. Kada ka sha maganin kashe zafi ka koma fili.

A ina zan yi?

Inda idonka ke ganin abin da kake takawa. Ka fara zagaya wurin da takalmi ka tsince kwalba da ƙusa. Ciyawa mai tsayi na ɓoye tsidau da ƙarangiya da rami. Kwalta da rana a bazara tana ƙona tafi kafin ka ankara. Ka guji ƙasa mai danshi inda ake bahaya, domin akwai tsutsar ciki da ta fatar ƙafa take shiga. Kuma ka tabbata allurarka ta rigakafin cutar sarƙewar haƙora ba ta wuce shekara goma ba.

In sayi takalmin nan mai yatsu biyar?

Yana kare fata daga ƙaya, ba ya kare ƙashi. Kamfanin Vibram, mai yin takalmin, ya amince ya biya dala miliyan 3.75 a 2014 kan ƙarar da aka kai shi game da alfanun lafiya da ya tallata. In ka saya, ka bi matakan da na faɗa a sama.

Bororo da faso fa?

Bororo na nuna kana goga ƙafa ko kana turawa da yatsu. Ka ɗaga ƙafar kawai, ka kuma rage nisa. Faso kuwa, da hunturu ka wanke, ka goge kaushin da dutse, ka shafa man kaɗanya kafin ka kwanta. In ya tsage har yana jini, ka koma takalmi sai ya haɗe.