Alherin Allah da Hassadar Ɗan Adam a Littafi Mai Tsarki

A Littafi Mai Tsarki na Kirista, alherin Allah da hassadar ɗan Adam sukan zo a labari guda: Allah ya yi wa wani baiwa, na kusa da shi ya ji zafi. Galibi ba a rage wa mai hassadar komai daga rabonsa ba, abin da ya ci masa rai shi ne an ba wani. Shi ya sa malaman Kirista suke ɗaukar hassada ƙorafi ce a kan Mai bayarwa kansa.

Kalmomi

Ibraniyanci yana danganta abin da ido. Mai "mugun ido" shi ne marowaci ko mai ƙyashi (Maimaitawar Shari'a 15:9), mai "kyakkyawan ido" kuwa shi ne mai ba matalauci daga abincinsa (Karin Magana 22:9). Masana sun saɓa kan ko wannan yana da alaƙa da irin abin da Hausawa ke kira kambun baka. Kishi daban yake, don har Allah ya kira kansa mai kishi (Fitowa 20:5).

Tsohon Alkawari

Kisan kai na farko a Littafin daga hassada ya faro. Allah ya karɓi hadayar Habila, bai karɓi ta Kayinu ba, fuskar Kayinu ta ɓaci, ya kashe ƙanensa a saura (Farawa 4). Yusufu yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka tsane shi saboda riga da mafarkai, suka sayar da shi azurfa 20. Sarki Saul ya sa wa Dawuda ido tun ranar da mata suka yi waƙa suka ce ya kashe dubbai, Dawuda kuwa dubun dubbai. Musa ne ya ƙi wannan hali: da aka kawo masa ƙarar Eldad da Medad suna annabci a zango, sai ya yi fatan da ma dukan jama'a annabawa ne (Littafin Ƙidaya 11). Yunusa kuwa ya yi fushi har ya roƙi mutuwa don Allah ya ji tausayin Nineba, birni mai mutum fiye da 120,000.

Misalin ma'aikatan gonar inabi

Matiyu 20:1-16 ne kaɗai ya kawo wannan misali na Yesu, a bisharar da yawancin masana ke ganin an rubuta wajen shekarun 80 zuwa 90 miladiyya. Mai gona ya fita da sassafe ya ɗauki 'yan ƙwadago, suka yi jinga a kan dinari ɗaya, wato ladan yini. Ya sake ɗaukar wasu da hantsi, da tsakar rana, da wajen ƙarfe uku. Wajen ƙarfe biyar na yamma ya tarar da wasu tsaye a kasuwa, suka ce ba wanda ya ɗauke su. Su ma ya tura su gona.

Da rana ta faɗi aka zo biya, kamar yadda Attaura ta wajabta kada ladan ɗan ƙwadago ya kwana (Littafin Firistoci 19:13). Aka fara da na ƙarshe, kowa dinari. Da na farko aka fara sallama, da sun tafi gida ba su san komai ba. Tsarin biyan ne ya sa suka ga abin da aka ba wasu. Suka yi gunaguni cewa an daidaita su da waɗanda suka yi awa ɗaya, alhali su ne suka sha rana. Mai gona ya kira ɗayansu aboki, ya tuna masa jingarsu, sannan ya yi masa tambayar da a Helenanci take cewa: idonka mugu ne don ni nagari ne? Ba a faɗi amsar mutumin ba. Haka ma labarin ɗa mubazzari (Luka 15) ya ƙare da wansa a waje, uban yana lallashinsa ya shiga bikin dawowar ƙanensa.

Tarihin fassara

Tun wajen shekara ta 96 wasiƙar da ake danganta wa Kilemen na Roma ta jero ɓarnar hassada daga Kayinu har zuwa wahalar manzanni Bitrus da Bulus. Sifiriyan, bishop na Kartaj a Tunisiya ta yau, ya rubuta ɗan littafi a kan kishi da hassada wajen 256. Gregori Babba, wanda ya yi fafaroma daga 590 zuwa 604, ya sa hassada cikin manyan zunubai bakwai.

Game da misalin gonar, magabata irin su Orijen da Gregori sun ɗauki lokutan biyar a matsayin zamanai: daga Adamu, daga Nuhu, daga Ibrahim, daga Musa, sai na Almasihu, inda al'ummai waɗanda ba Yahudawa ba suka zama 'yan ƙarfe biyar. Sun kuma karanta su a matsayin shekarun mutum, wani ya tuba da ƙuruciya, wani sai da furfura. Wa'azin Ista da ake danganta wa Yohanna Kirisostom, wanda majami'un Orthodox ke karantawa duk shekara, yana kiran wanda ya zo a sa'a ta sha ɗaya, wato ƙarfe biyar na yamma, kada ya ji tsoron makararsa. Talmud na Urushalima, littafin malaman Yahudawa, shi ma yana da misali mai kama da wannan, amma a can wanda ya yi awa biyu ya karɓi cikakken lada ne don ya fi sauran aiki. A Matiyu ba a ce na ƙarshe sun fi kowa ƙwazo ba, kuma nauyin misalin duka a nan yake.

Wasu masana na zamani suna karanta shi a matsayin magana kan zaluncin masu gonaki. Wasu ba su yarda ba.

A Kano

Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma da Hausa ake karanta waɗannan surori a majami'u da dama na Sabon Gari. Katolika suna karanta misalin a Lahadi ta 25 ta lokacin yau da kullum a kalandar cocinsu, sau ɗaya a shekara uku. Hoton bai yi wa Bakano nisa ba, don har yau leburori kan zauna a bakin titi da diga da shebur suna jiran mai ɗauka, kuma karin maganar nan, hassada ga mai rabo taki ce, a bakin Kirista da Musulmin birnin take.