Nazarin Addini da Kishin Ƙasa ta Hanyar Kwatance

Nazarin addini da kishin ƙasa ta hanyar kwatance reshe ne na ilimin zamantakewa da ke jera al'ummomi daban-daban gefe da gefe, don gano yadda imani ke shiga cikin ra'ayin mutane game da wane ne nasu, wane ne bare. Ba ruwansa da tantance addinin gaskiya, wannan aikin malaman tauhidi ne.

Tun a 1377 Ibn Khaldun ya bayyana yadda kiran addini ke ƙara wa asabiyya, wato haɗin kan dangi ko ƙabila, ƙarfi har ta kafa daula. Émile Durkheim na Faransa ya nuna a 1912 cewa ibadar da ake yi tare ita ke ɗaure jama'a wuri guda. A 1983 kuma Ernest Gellner da Benedict Anderson, kowa a littafinsa, suka ce kishin ƙasa sabon abu ne da masana'antu da makarantun boko da injin buga littattafai suka haifar. Masana da yawa sun zaci addini zai ja da baya ya bar wa ƙasa fili. Raba Indiya da Pakistan a 1947, da juyin juya halin Iran na 1979, da rikicin Katolika da Furotesta a Arewacin Ailan sun ƙi tafiya da wannan zato.

A Nijeriya, Jos na cikin wuraren da masu wannan nazari suka fi dubawa. Garin ya bunƙasa ne da haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, abin da ya jawo Hausawa da Yarbawa da Ibo suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere. A nan Sheikh Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a 1978, a nan kuma hedikwatar cocin ECWA da ta COCIN suke. Bayan gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, gardamar wane ne mai gari ta ƙara zafi, aka yi tashin hankali a 1994, da Satumban 2001, da Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙananan hukumomi, da Janairun 2010.

Wata 'yar takarda ce ta fi ɗaukar hankalin masu bincike: takardar shaidar ɗan asali da ƙaramar hukuma ke bayarwa. Da ita ake neman gurbin karatu da aikin gwamnati da tallafin makaranta. Matashin da aka haifi kakansa a Gangare ko Unguwar Rogo cikin Jos na iya rasa ta, a ce ya koma Kano ko Bauci ya nema. Tun da akasarin waɗanda ake kira 'yan ƙasa Kiristoci ne, Jasawa kuwa, wato Hausawa da Fulanin Jos, Musulmi ne, da zarar rigima ta ɓarke sai ta koma kan masallaci da coci.

A nan ra'ayi ya rabu. Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya rubuta a 1987 cewa masu mulki da masu kuɗi ne ke juya addini don biyan buƙatunsu. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai ta kan mayar da talaka kamar ba shi da nasa tunani. Matthew Hassan Kukah, a littafinsa na 1993, ya bi diddigin yadda addini ya daɗe cikin tsarin mulkin Arewa. Mahmood Mamdani na Yuganda kuwa ya ɗora alhakin a kan mulkin mallaka da ya raba jama'a gida biyu, ɗan ƙasa da baƙo. Tsarin mulkin 1999 ma ya gaji tsagin: sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar addinin hukuma, sashe na 147 kuma ya wajabta a naɗa minista ɗan asalin kowace jiha, ba tare da ya fayyace shekara nawa ke mayar da baƙo ɗan gida ba.