Zauren Ƙungiyar Mason na Bannack

Zauren Mason na Bannack gidan sama ne na katako da ke tsohon garin haƙar zinariya na Bannack, cikin tsaunukan kudu maso yammacin jihar Montana ta Amurka. 'Yan Mason, wata ƙungiyar 'yan'uwantaka ta maza, ne suka gina shi a 1874, suka bar wa yaran gari ɗakin ƙasa ya zama makaranta, su kuma suka riƙe na sama don taronsu.

Tarihi

An kafa Bannack a 1862, bayan an tsinci zinariya a rafin Grasshopper cikin watan Yuli na shekarar. Mahaƙa suka yi ta kwararowa, akasarinsu maza ne da suka baro danginsu can nesa. Wanda ya kwanta ciwo ba mai jinyarsa, wanda ya mutu ba mai binne shi da mutunci. Wannan giɓi ne ƙungiyoyin 'yan'uwantaka irin su Mason suka cike: suna tara kuɗi daga membobi, su yi jinyar marar lafiya, su ɗauki nauyin jana'iza, su tallafi matar mamaci da marayunsa.

Ana danganta haɗuwar 'yan Mason ta farko a garin da jana'izar wani William Bell, wajen watan Nuwamba na 1862. An ce da ajali ya matso sai ya roƙi a binne shi bisa al'adar ƙungiyar, aka yi shela, mutum 76 suka hallara, da yawansu ba su ma san juna ba sai ranar. Wani ɗan ƙungiyar mai suna Nathaniel Langford ne ya jagoranci hidimar. Reshen garin, mai lamba 16, ya samu takardar izini wajen 1871. A lokacin har Bannack ta fara ja baya, domin hedkwatar yankin Montana da aka ajiye a can a 1864 ta koma Virginia City a 1865.

Makarantar da ke ɗakin ƙasa na zauren ta ci gaba da aiki har farkon shekarun 1950.

Taƙaddama

Wasu na ganin 'yan Mason ne ginshiƙin 'yan sintirin da suka rataye shugaban 'yan sandan garin, Henry Plummer, a Janairun 1864, kuma lambar 3-7-77, wadda ake dangantawa da 'yan sintirin Montana a matsayin alamar gargaɗi, daga 'yan Mason ta fito. Masana tarihi sun saɓa a kan duka biyun.

Ziyara

Garin ya zama wurin tarihi a hannun gwamnatin jiha tun 1954. Yana da nisan kamar kilomita 40 daga garin Dillon, a tudu mai tsayin kusan mita 1,780, don haka ko da bazara sanyi kan sauko da yamma, da hunturu kuwa ƙanƙara kan rufe ko'ina. Ana tallafe gine-ginen ne kawai kada su faɗi, ba a sabunta su, shi ya sa daɓen katako da matakala ke buƙatar taka-tsantsan. Har yanzu akwai teburan ɗalibai da allo a ɗakin ƙasa na zauren. An hana ɗaukar komai, ko da tsohuwar ƙusa ce. Bikin garin na shekara-shekara yakan faɗo a ƙarshen mako na uku na Yuli.