Babur mai aiki da lantarki: ƙirarsa da yadda ake tuƙa mai ƙarfinsa

Babur mai aiki da lantarki, wanda a Kano aka fi kira mashin mai caji, babur ne da batir ke ciyar da shi a madadin tankin fetur. Ba shi da filogin inji, ba shi da salansa, ba ya shan baƙin mai, mafi yawansu kuma ba su da giya balle kuloci. Iri biyu ne a taƙaice. Akwai ƙanana na zirga-zirgar cikin gari, waɗanda galibi daga Sin ake shigo da su, suka kuma ƙara samun karɓuwa tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. Akwai kuma manya masu ƙarfi, da aka ƙera don su yi gogayya da baburan tsere masu shan fetur. Na biyun har yanzu baƙi ne a titunan Kano, amma su ne suka fi nuna abin da wannan fasaha za ta iya, kuma a kansu ne kuskuren matuƙi ya fi tsada.

Asali

Tunanin ya girmi yadda ake zato. Tun a 1895 wani Ba'amurke, Ogden Bolton, ya yi rajistar ƙirar keke mai tafiya da batir. Abin da ya hana shi yaɗuwa shekara da shekaru shi ne batir: na darma yana da nauyi, wutar da yake riƙewa kuma kaɗan ce. Sai da kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da batirin litiyam a 1991 sannan hanya ta buɗe. Irinsa ne a cikin wayar hannu, kuma masana uku da suka share fagensa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun samu kyautar Nobel a 2019.

A 2006 Neal Saiki, tsohon injiniya a hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya kafa kamfanin da ya zama Zero Motorcycles a jihar Kalifoniya. Daga nan abin ya shiga fagen tsere. A 2013 Carlin Dunne ya hau babur ɗin lantarki na kamfanin Lightning ya lashe ɓangaren babura na gasar hawan dutsen Pikes Peak a Amurka, ya bar duk baburan fetur a baya. Shekarar 2019 ce ta fi cika: aka fara gasar tseren baburan lantarki ta MotoE da baburan kamfanin Energica na Italiya, Zero ya fitar da SR/F, Harley-Davidson kuma, kamfanin da duniya ta san shi da rugugin inji, ya fitar da LiveWire wanda ba ya rugugi ko kaɗan. A 2021 ɗan tseren Italiya Max Biaggi ya haura kilomita 455 a awa a kan babur ɗin lantarki Voxan Wattman. Kasuwar dai ba ta da sauƙi, domin Energica ya durƙushe a 2024.

Yadda yake aiki

Abu uku ne ginshiƙinsa: batir, da na'urar sarrafa wuta, da motar lantarki, wato injin da ke juya taya, ba motar hawa ba. Batirin ƙananan ƙwayoyi ne masu yawa da aka jera aka haɗa, da wata 'yar kwamfuta mai lura da zafinsu da cajin kowace. Na'urar sarrafawa ita ke sauraron totur, ta auna yawan wutar da za ta saki. Motar kuwa naɗin wayar tagulla ce da maganaɗisu. Wuta na shiga naɗin, sai maganaɗisun ya kama juyawa. A ƙananan babura motar tana cikin cibiyar tayar baya. A manya tana tsakiyar firam, bel ko sarƙa ke kai ƙarfin ga taya.

Ana auna batir da kilowat-awa, wato dai yunit ɗin da ake saye a mitar gida. Batirin Zero SR/F na 2019 yana ɗaukar yunit 14.4, na LiveWire 15.5. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da makamashin da ya kai kusan yunit 9, ke nan duk batirin nan bai kai lita biyu ba. Abin da ya cece shi shi ne rashin ɓarna: injin fetur yana zubar da mafi yawan makamashinsa a zafi da hayaƙi, ita kuwa motar lantarki tana mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari zuwa tafiya.

Totur

A nan ne duk bambancin ya taru, kuma a nan ya kamata mai koyo ya daɗe.

Injin fetur sai ya ɗau zuga kafin ya ba da ƙarfinsa. Wanda ya saba da Boxer ko Jincheng ya san wannan a jikinsa: ya kama kuloci, ya taka giya, ya ja totur, injin ya yi kuka, sannan ya saki a hankali. Tsakanin niyya da tafiya akwai matakai uku ko huɗu, kowanne kuma dama ce ta gyara kuskure. Motar lantarki ba ta da wannan jinkiri. Cikakken ƙarfin juyinta yana nan tun babur na tsaye cak. Zero SR/F yana da ƙarfin doki 110, yana kuma kai kilomita 200 a awa. LiveWire yana tashi daga tsaye ya kusa kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3. Boxer mai inji 100 da ake gani ko'ina a Kano ƙarfin dokinsa bai kai 10 ba. Wanda ya sauka daga wannan ya hau wancan ya ninka ƙarfin da ke hannunsa fiye da sau goma, an kuma cire masa kulocin da ya saba fakewa da shi.

Daɗin tuƙin ba ya ɓoyuwa. Babu karkarwar inji a cinya, babu zafin salansa a ƙafa, babu tsayawar canjin giya. Tafiya ce guda ɗaya miƙaƙƙiya, kamar an ɗaure mutum da igiya ana jan sa gaba, ba abin da kunne ke ji sai wani siririn fito da kukan taya a kwalta. A cunkoso irin na Kantin Kwari ko bakin kasuwar Sabon Gari, inda hannun hagu ke gajiya da matsa kuloci, mai babur ɗin lantarki yana tafiya taku-taku ba tare da injin ya mutu masa ba. Sai dai wannan sauƙin shi ne tarkon. Matuƙin Kano da kunne yake auna gudu: in inji ya fara ihu ya san ya yi yawa. Babur ɗin lantarki ba ya ihu. Mutum zai miƙe Titin Zariya yana jin kamar 60 yake yi, ya dubi allo ya ga ya haye 100, alhali ƙa'idar hanya ta Najeriya kilomita 50 a awa ta yarda wa babur a cikin gari. Dole ido ya karɓi aikin da kunne yake yi a da.

Akwai kuma haɗarin tsayuwa. Babur da ke kunne da wanda ke kashe kamanninsu ɗaya, shirunsu ɗaya. Mutum ya tsaya a ƙofar gida yana gaisawa, yaro ya zo ya murɗa totur cikin wasa, ko hannun babbar riga ya naɗe shi, sai babur ya zabura da nauyinsa na kilo 220 zuwa 250. Saboda haka ƙa'idar farko ita ce a danna maɓallin kashe babur duk lokacin da aka tsaya magana, ba sai an sauka ba.

Masu ƙera shi sun san da wannan, shi ya sa suke sa masa matakan tuƙi da ake zaɓa da maɓalli: na tattali, na cikin gari, na ruwan sama, da na gudu. Na ruwan sama yana rage ƙarfi, yana kuma sassauta yadda totur ke amsawa. Shi ya dace da sabon shiga, ko da rana ake ƙwallewa, har sai wuyan hannu ya koyi murɗawa kaɗan-kaɗan. Manyan suna zuwa da birkin ABS mai hana taya ƙamewa, da na'ura mai rage wuta in tayar baya ta fara sulɓi. Suna taimakawa ƙwarai, amma ba sa ƙirƙiro riƙo inda babu shi. Yashin da iskar hunturu ke tarawa a gefen titi, da laka bayan ruwan Agusta, da man da ya zuba a shataletale, duk suna iya kwashe tayar baya kafin na'ura ta farga, musamman in an ja totur babur na kwance a kwana.

Birki da shiru

Idan aka saki totur, motar tana juyewa ta zama janareta: tana riƙe taya, tana mayar da 'yar wuta cikin batir. Wannan ya maye gurbin rage giya da aka saba yi kafin kwana ko a gangaren gadar sama irin ta Ƙofar Nassarawa. Ƙarfin riƙon yana canzawa daga mataki zuwa mataki, yana kuma raguwa idan batir ya cika maƙil, tunda babu inda wutar za ta shiga. Wanda ya fito da safe da cikakken caji kada ya dogara da shi a mahaɗar farko.

Wani abin lura shi ne hannun hagu. A wasu baburan lantarki, musamman ƙanana, inda aka saba samun kuloci birkin baya ne. Tsohon matuƙi da ya damƙe shi da ƙarfi bisa sabo zai ƙame tayar baya.

Shiru kuwa alheri ne ga unguwa, nauyi ne a kan matuƙi. A lungunan cikin birni, wajen Kurmi da Jakara, mutane da kunne suke kauce wa babur: mai tallan da ta juya baya, almajiri, dattijon da ya fito daga masallaci, akuya. Babu wanda zai ji wannan yana zuwa. A ƙaramin gudu sai da oda da haƙuri, kuma hakkin yana kan wanda ke bisa sirdi, domin shi ne yake gani.

Caji da nisan zango

Nan babur ɗin ya saɓa wa abin da aka sani. Na fetur ya fi tattali a doguwar hanya. Na lantarki a cikin gari ya fi daɗewa, domin ba ya cin komai a tsaye, birki kuma yana mayar masa da wani abu. Gudu ne ke cinye shi, saboda turjiyar iska tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninku biyu. Zero ya ba da kilomita 259 ga SR/F a cikin gari, amma 132 kacal idan aka riƙe 113 a awa a babbar hanya. Ke nan zuwa Wudil da dawowa ba abin damuwa ba ne, amma Zariya, mai nisan sama da kilomita 130, sai an sassauta hannu, an kuma san inda za a jona a can.

Da caja mai kilowat 3, wadda ita ce iyakar abin da soket ɗin gida mai amfiya 13 zai ɗauka, cika batir irin wannan yana cin awa huɗu da rabi. LiveWire yana karɓar caji mai sauri da ke kai shi kashi 80 cikin minti 40, amma sai a tasha ta musamman. A Kano, inda KEDCO ke raba wuta, tambayar ita ce awa nawa layin unguwa yake samu. Tsarin Band A da aka ƙara wa kuɗi a Afrilun 2024 an gina shi ne a kan awa 20 a rana, sauran rukunai ƙasa da haka. Ƙaramin janareta da bai kai kilowat ɗaya ba ba zai ja wannan caja ba. Mai sola yana buƙatar inbata babba, ya kuma yi cajin da rana. Siririyar waya da soket mai sako-sako kuwa, in aka ɗora musu kilowat 3 na awa huɗu, zafi suke yi har su narke. A Ruwanda da Kenya da Benin, kamfanoni irin su Ampersand da Spiro sun bi hanyar musayar batir ga 'yan acaɓa, a ajiye wanda ya ƙare a ɗauki cikakke, sai dai batirin manyan babura a jikin firam yake, ba a cire shi.

Zafi, ƙura da gyara

Batirin litiyam ba ya son zafi, Kano kuwa tana kai maki 40 a watan Afrilu. Idan batir ko mota suka yi zafi, babur da kansa yake rage ƙarfi don ya kare su. Zafi kuma yana saurin tsofar da batir, musamman in an bar shi a cike cikin rana. Inuwa, da barin sa ya huce kafin a jona, da ajiye shi a rabin caji in za a daɗe ba a hau ba, suna ƙara masa shekaru. Batirin da ya bugu ko ya kumbura ba a kwana da shi a ɗaki, domin gobarar litiyam tana da wuyar kashewa, tana kuma iya sake tashi bayan an zaci ta mutu. A damina ba a kutsa shi cikin ruwan da ya taru a ƙarƙashin gada.

Gyaran yau da kullum kaɗan ne: taya, birki, bel ko sarƙa. Tayar baya tana saurin cinyewa saboda ƙarfin tashi. Matsalar tana wajen babban gyara. Wutar batirin tana haura bolt 100, a wasu ta wuce 300, kuma wayoyin da aka yi wa launin ruwan lemo ba a taɓa su sai da horo da safar hannu ta musamman. Kanikawan Kano gwanaye ne a inji, akwai wanda da jin kuka kawai zai faɗi ciwon babur. Wannan kuwa da kwamfuta ake tambayar sa, kayan gyaransa ma ba a cika samun su a Ƙofar Ruwa ba, sai an yi oda daga waje.

Doka

A idon hukuma babur ne kamar kowane. Yana buƙatar lamba da lasisin tuƙi rukunin A, kuma tun Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta tilasta sa hular kwano. Jami'an KAROTA ke kula da titunan jihar. Kano ta haramta acaɓa a cikin birni a Janairun 2013, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, abin da ya bar harkar haya a hannun Adaidaita Sahu. Saboda haka babur a Kano abin hawan mai shi ne. Ga mai ƙarfin doki 100, hular da ta rufe haɓa, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, da riga mai kauri su ne mafi ƙarancin shiri, ko da a zafin bazara ne.