Kwana ɗarin farko na sabon shugaba: daga ina aka samo wannan lissafi?

Ƙanena mai tuƙa keke napep tsakanin Kawo da Kasuwar Barci a Kaduna ne ya tsare ni da waɗannan tambayoyi a teburin mai shayi. Ga yadda na amsa masa.

Yaya, wa ya fara kirga wa shugaba kwana ɗari?

Daga Amurka abin ya samo asali. Franklin Roosevelt ya hau mulki ranar 4 ga Maris, 1933, tattalin arziki ya durƙushe, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da aikin yi, jama'a na ta rububin kwashe kuɗinsu daga bankuna. Majalisa ta zauna daga 9 ga Maris zuwa 16 ga Yuni, ta zartar da manyan dokoki 15. Wannan zama ake kira kwana ɗari.

Me ya fara yi?

Rufe bankunan ƙasar gaba ɗaya ya yi ranar 6 ga Maris. Ka ga ai magani ne mai ɗaci. Amma bai bar mutane cikin duhu ba. Daren 12 ga wata ya shiga rediyo, ya yi musu bayani dalla-dalla yadda banki ke juya ajiyarsu, da dalilin rufewar, da cewa sai bankin da aka tantance lafiyarsa za a buɗe. Washegari aka fara buɗewa, mutane suka yi layi suna mayar da kuɗin da suka ɓoye a gida. Wannan bayanin shi ya fi burge ni a duk labarin.

To mu a nan fa?

Kai ganau ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, tun yana filin rantsuwa. Kafin mako ya ƙare litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. A watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa.

Kenan cire tallafin kuskure ne?

A lokacin tallafin yana cinye kuɗin gwamnati, manyan 'yan takarar shugaban ƙasa a zaɓen 2023 ma duk sun yi alkawarin cire shi. Abin da ke ci mini rai shi ne an yanke kafin a tanadi abin ɗaure ciwon. Mafi ƙarancin albashi bai tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 ba sai Yulin 2024, bayan wata goma sha huɗu. Kai kuwa da ba ka da albashi, fasinjanka ne ya koma takawa a ƙasa daga Unguwar Sarki zuwa kasuwa.