Gida Ana Rushewa, Titi Ba Ya Gusawa

An daɗe ana cewa a bar gari ya bazu yadda ya so, in ya cika sai a gyara titunansa. Wannan kuskure ne, domin a duk abin da ake ginawa a gari, babu mai tsawon rai kamar layin titi.

Dubi Landan. Gobarar 1666 ta cinye mafi yawan tsohon birnin, masanin gine-gine Christopher Wren ya zana sabon tsari mai miƙaƙƙun hanyoyi, amma masu filaye ba su jira ba, aka sake gini bisa tsofaffin lunguna. Tsarin titunan Manhattan, a birnin New York, na 1811 kuwa har yau shi ake bi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da zarar an yanka filaye an sayar, an binne bututun ruwa, an kafa turakun lantarki, fasa sabuwar hanya sai da rushe gidan wani da biyan diyya.

Shi ya sa yawan kwalta ba shi ne haɗuwar hanyoyin gari da juna ba. Masu bincike mararraba suke ƙirgawa, da lungunan da ba sa ɓullewa. Inda irin waɗannan lungunan suka yi yawa, makarantar da ke bayan katangarka sai ka yi dogon zagaye kafin ka isa, ƙafa ta gaza, kowa ya nemi mota, duk a taru a babban titi ɗaya. A Amurka wannan salon ya ƙaru tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya kai ƙololuwa wajen 1994, amma unguwannin da aka shimfiɗa lokacin suna nan yadda aka yanka su.