Ɗokin Littafi Na Biyu: Tambayoyi Kan Labaran Lalatacciyar Duniya Da Matasanmu Ke Rububi

Ina koyar da Faransanci a wata makarantar sakandare a nan Zinder, kuma ina da kwali guda na littattafai da nake ara wa ɗalibai. A cikinsu babu wanda ya sha wuya kamar na biyun jerin Hunger Games, fassarar Faransanci mai suna L'Embrasement. Sau biyu ina liƙe bangonsa, shafi na 40 kuwa har yau akwai tabon shayi a jikinsa. Iyaye da ɗalibai sun sha tare ni da tambayoyi a kansa, shi ya sa na tattara waɗanda suka fi maimaituwa.

Malam, wane irin labari ne wannan da ake kira distofiya?

Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta mugun wuri. A 1516 wani Bature ɗan Ingila, Thomas More, ya rubuta Utopia, labarin wani tsibiri da komai nasa ke tafiya daidai. Distofiya kishiyar wannan ce: a ƙago wata ƙasa, galibi a zamani mai zuwa, inda zalunci ya zama doka har mutane suka saba da shi. Wanda ya fi suna a na manya shi ne 1984 na George Orwell, da ya fito a 1949. Na matasa kuwa jaruminsu yaro ne ko yarinya mai shekara 15 zuwa 17, wanda ya buɗe ido ya tarar manya sun riga sun ɓata duniya sun bar masa.

Malam, ƴata ta ƙi ajiye littafin nan ko wajen girki. Me ke cikinsa?

Hajiya, sai na fara miki da na ɗaya, wanda wata Ba'amurkiya, Suzanne Collins, ta fitar a 2008. Ƙasar sunanta Panem. Akwai babban birni da ke cikin daula, da gundumomi 12 da ke yi masa bauta, wannan na haƙo kwal, waccan na noma, wata na kamun kifi. Duk shekara kowace gunduma sai ta ba da yaro ɗaya da yarinya ɗaya, tsakanin shekara 12 da 18, ta hanyar ƙuri'a. Yara 24 ke nan, a zuba su a fili su yi ta kashe juna ana nunawa a talabijin har saura ɗaya. Ƙuri'a ta faɗa kan ƙanwar Katniss mai shekara 12, ita kuma yayar, wato Katniss jarumar labarin, ƴar shekara 16, ta ce a tafi da ita a madadinta.

Akwai wani ɗan abu a ciki da ɗalibaina ke ganewa tun ban yi bayani ba. Yaron da gidansu babu abinci yana iya karɓar hatsi da mai, amma a ƙara rubuta sunansa a cikin ƙuri'ar. Ɗan mai hali sunansa kaɗan ne a tulun, na ɗan talaka ya cika shi. Duk wanda ya ga manomi ya ci bashin tiyar hatsi da damina zai biya da riɓi in kaka ta yi, ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

To ai ta tsira a na ɗaya. Me kuma ya rage a faɗa a na biyu?

A nan daɗin yake, kuma wanda bai karanta ba ya tsallake wannan amsar don zan tona labari.

A tatsuniya, da gizo ya kuɓuta sai a ce ƙurunƙus. Littafi na biyu, wanda ya fito a 2009, yana farawa ne bayan ƙurunƙus ɗin. Katniss ta dawo gida, an ba ta katafaren gida da kuɗi, uwarta da ƙanwarta sun daina kwana da yunwa. Amma barci ya gagare ta, yaran da suka mutu na zuwar mata a mafarki. Shugaban ƙasar da kansa ya tako har falonta ya nuna mata cewa ran duk wanda take so yana hannunsa. Sannan aka ɗauke ta ana zagaya gundumomi da ita, ta tsaya a gaban iyayen yaran da aka kashe ta karanta jawabin godiya ga masu mulki. A gunduma ta 11 wani tsoho ya yi fito don girmama yarinyarsu da ta mutu, aka jawo shi aka harbe shi nan take. Na ga ɗalibi namiji, mai gemu ya fara fitowa, ya rufe littafin a daidai wannan shafin ya fita waje.

Daga nan sai aka sanar cewa gasa ta 75 za a zaɓo ƴan wasanta ne daga cikin waɗanda suka taɓa yin nasara. Alkawarin da aka yi musu na zaman lafiya har mutuwa ya tashi a banza.

Wannan shi ke kama matashi. A na ɗaya damuwar mai karatu ita ce ko yarinyar za ta rayu. A na biyu ya riga ya san ta, ya san raunin uwarta, ya san samari biyun da ke sonta, don haka duk abin da ya same ta kamar ƴar gidansu ya sama. Kuma a nan ne take gane cewa cin gasar bai fitar da ita daga hannun masu gasar ba. Ɗalibin da aka ce masa ya ci jarrabawar BEPC zai huta, ya ci, aka ce saura BAC, ya ci, ya shiga Jami'ar André Salifou ya fito da takarda ya dawo fada yana jiran shayi na uku, ya san wannan ɗacin a bakinsa.

Anya ba dabarar ƴan kasuwa ba ce kawai, a raba labari don a sayar sau uku?

Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ba baƙon abu ba ne gare mu. Littattafan soyayya da ake kawowa daga Kano haka suke zuwa, na 1, na 2, na 3, a yanke labari daidai lokacin da amarya ta buɗe ƙofa ta ga abin da ta gani. Na biyun Collins ma haka ya ƙare: an ceto Katniss, an kama abokin gasarta, an gaya mata gundumarsu ta 12 babu ita. Masu fim sun ma fi haɗama, don littafi na uku sun raba shi gida biyu, 2014 da 2015. Jerin Divergent na Veronica Roth sun gwada irin haka, fim na uku ya fito a 2016 bai yi kasuwa ba, na ƙarshen har yau ba a yi shi ba.

Ni ga yadda nake gwadawa. In na gama na biyu na tarar jarumin yana nan yadda na bar shi, an dai ƙara masa abokan gaba da manyan bindigogi, to an ci kuɗina. In kuwa abin da ya aikata a na ɗaya ya biyo shi yana neman biya, marubucin ya yi aiki.

Me ya haɗa yaron Birni ko Zangon Zinder da labarin da aka rubuta a Amurka?

Wata ɗaliba ta ba ni amsa da ban manta ba. Ta ce a layin famfo ta karance rabin littafin, da fitilar waya, tana zaune kan jarka tun ƙarfe 2 na dare tana jiran ruwa ya zo. Ta ce wurin da mutanen babban birnin ke shan wani abu don su yi amai su sake cin abinci a wajen biki, nan ne ta ji ranta ya ɓaci sosai. Yaron da ya tashi a garin da ruwa ke wahala in bazara ta yi, ga matatar mai a arewa da gari tun 2011, yana da ido na ganin wa ke samarwa, wa ke morewa.

Ba duka ne ma aka kafa a ƙasar Turawa ba. Nnedi Okorafor, Ba'amurkiya ƴar asalin Najeriya, ta rubuta The Shadow Speaker a 2007, ta kafa labarin a Nijar ta shekarar 2070. Cigabansa, Like Thunder, sai a 2023 ya fito. Shekara 16 ke nan, nawa ɗaliban kuwa mako guda ba sa iya jira.

Malam, ni kashe-kashen ne ke damuna. Ba zai ɓata tarbiyyar yaro ba?

Alhaji, damuwarka a kan hanya take. Akwai jini a ciki, kuma ni ba na ara wa ƴan ƙasa da shekara 13. Sai dai littafin bai mai da kisa abin burgewa ba, waɗanda ke tafi a gaban talabijin su ne abin ƙyama a cikinsa. Marubuciyar ta ce tunanin ya zo mata ne wani dare tana sauya tasha tsakanin wasan gasa da hotunan yaƙin Iraki har suka cakuɗe mata. Akwai kuma sumba da kwana wuri ɗaya tsakanin saurayi da budurwa, abin da bai dace da al'adarmu ba, gara ka sani tun yanzu. In ka samu hali, ka sa ɗanka ya ba ka labarin bayan sallar isha'i, ka ji wa yake goyon baya.

Zan iya farawa da na biyu, tunda shi ne a hannu?

Za ka gane labarin, amma mutuwar tsohon nan na gunduma ta 11 ba za ta taɓa ka ba, don ba ka san yarinyar da ya yi wa fito ba. Ka jira na ɗaya. Yana hannun wani ɗan aji na ƙarshe, ya ce zai dawo da shi ranar Litinin, kuma mutum uku ne a gabanka.